Ciyawar roba a bakin kwamin ninkaya: tana hana santsi kuwa?

Wani Alhaji daga Kano ya aiko da tambaya cewa ya gina kwamin ninkaya a gidansa saboda 'ya'ya da jikoki, kuma mai sayar da kafet ya ba shi shawarar ya shimfiɗa ciyawar roba tun daga bakin ruwa har zuwa jikin katanga, yana mai tabbatar masa cewa ba ta santsi ko da ta jiƙe, kuma idan yaro ya faɗi a kanta ba zai ji ciwo ba. Yana so ya san gaskiyar maganar kafin ya fitar da kuɗinsa.

Alhaji, Allah ya sanya alheri a ginin, ya kuma tsare iyali. Maganar mai kafet tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ya ba ka labarin ciyawar ne a ranar da aka shimfiɗa ta, kai kuwa abin da ya dame ka shi ne yadda za ta kasance bayan damina biyu da hunturu biyu sun bi ta kanta. Shawarata a taƙaice ita ce ka yi amfani da ita idan kana sha'awarta, amma kada ka kai ta har bakin ruwa. Ka bar tazarar aƙalla mita 1.2 ta daɓe mai kaushi a kewayen kwamin, sannan ciyawar ta fara daga can.

Sabuwar ciyawar roba mai tsabta, wadda ruwa ke zurarewa ta ƙarƙashinta nan take, ta fi tayil mai sheƙi riƙe ƙafa nesa ba kusa ba. Abin da ke kayar da mutum a kan jiƙaƙƙen tayil shi ne siririn ruwan da ke shiga tsakanin tafin ƙafa da daɓe, ya hana su haɗuwa, sai ƙafar ta tafi kamar an ja ta. A kan ciyawar roba kuwa ruwan yana samun hanyar gudu tsakanin silin ciyawar, tafin ƙafa da yatsu kuma suna nutsawa kaɗan su sami abin kamawa. Wannan ne ya sa mai kafet zai iya zuba bokitin ruwa a kan samfurinsa a cikin shago, ya ce ka taka ka gani, ka taka kuma ka ji ba santsi. Bai yaudare ka ba a wannan gwajin. Amma silin kansa roba ce mai sulɓi, galibi irin wadda ake kira foliyetilin, dangin wadda ake yin leda da jarka da ita, saboda haka riƙon da kake ji ya dogara ne a kan abubuwa biyu: silin ya kasance a tsaye, ruwa kuma ya kasance yana wucewa. Duk ranar da ɗaya daga cikinsu ya gaza, abin da ya rage a ƙarƙashin ƙafarka shimfiɗar leda ce jiƙaƙƙa.

Silin yana kwanciya ne a wurin da aka fi takawa, wato daidai bakin matakalar fita daga ruwa da hanyar zuwa banɗaki, inda kuma a nan ne aka fi buƙatar riƙo. Ciyawa mai dogon sili, mai milimita 35 zuwa 40, ita ce ta fi kyau a ido da laushi a ƙafa, ita ce kuma ta fi saurin kwanciya. Idan ta kwanta, gaba ɗaya take karkata gefe guda, domin tun daga masana'anta silin yana da inda ya fuskanta, kamar gashin akuya. Wanda ya taka yana bin kwanciyar silin zai fi zamewa a kan wanda ya taka yana saɓa mata. Saboda haka ga wurin da ruwa ke yawan taɓawa na fi son gajeren sili, milimita 20 zuwa 30, mai cunkoso, wanda ke da murɗaɗɗun zare a gindinsa suna tallafe masu tsayin. Idan ka je shago, ka danna tafin hannunka a kan samfurin da ƙarfi ka ɗaga, ka ga ko silin ya miƙe da sauri. Ka kuma lanƙwasa shi baya ka duba yawan layin ɗinkin. Idan kana hango baƙin bayan kafet ɗin a fili tsakanin layi da layi, to ba mai cunkoso ba ne.

Maganar zurarewar ruwa ita ce ta fi muhimmanci, kuma a nan ne masu aiki suka fi yin ha'inci, wani lokaci ma ba da gangan ba. Yawancin ciyawar da ke kasuwa ana huda bayanta da ƙananan ramuka masu tazarar kamar santimita 10 zuwa 15 domin ruwa ya wuce. Ramukan suna aikinsu, amma ruwan da ya wuce dole ya sami inda zai je. Idan an shimfiɗa ciyawar a kan tsakuwa da aka daddaɓe, ruwan yana nutsewa ƙasa. Idan kuwa a kan kankare aka manna ta, kamar yadda ake yi a mafi yawan gidajen da ke da kwami, to kankaren ne zai kai ruwan magudana, kuma ba zai iya ba sai an yi masa gangara. Abin da aka saba bai wa daɓen gefen kwami shi ne gangarar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, tana kallon waje, ba ta kallon cikin kwamin. Kundin ƙa'idojin gina wuraren ninkaya da ake amfani da shi a sassa da dama na Amurka yana neman fiye da haka idan kafet za a shimfiɗa, kusan santimita 4 a kowace mita, saboda kafet yana rage wa ruwa gudu. Na sha zuwa gidajen da birkila ya yi daɓe shafe ɗaya babu gangara, ko kuma ya bar 'yan kwarurruka a tsakiya, aka zo aka rufe da ciyawa, aibin ya ɓuya. Mai gida ba ya ganin ruwan da ke kwance, sai dai ya ji ciyawar tana tsotso a ƙarƙashin ƙafarsa kamar soso.

Ruwan da ya kwanta a inuwa, ga ɗumi, ga abinci, ba abin da yake haifarwa sai gansakuka da wani yauƙi na ƙwayoyin cuta da ke manne wa gindin silin. Abincin kuwa ba ya yankewa a bakin kwami: dattin jiki, basilin da man kaɗanya da sauran man shafawa da ke wankuwa daga fatar masu wanka, lemon da yara suka zubar, kashin tsuntsaye da ganyen bishiya. A nan arewa akwai ƙarin matsalar da kamfanonin da ke ƙera ciyawar a Turai da Sin ba su cika lissafawa ba, wato ƙurar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu wannan lallausar ƙura tana sauka ta cika gindin ciyawar, fantsamar ruwan kwami ta kwaɓa ta, ta zama laka ta toshe ramukan. Idan damina ta sauka a kan haka, ciyawar da ta yi riƙo a shago sai ta koma abin da babba ma ke takawa da dabara. Tayil mai kaushi shi ma yana yin gansakuka, amma ido yana ganinta, buroshi kuma yana fitar da ita cikin mintuna. A ciyawar roba koren gansakuka yana sajewa da koren silin.

Wannan dalili ne ya sa masana lafiyar wuraren ninkaya ba sa son ganinta a bakin ruwa. Hukumar CDC ta Amurka, mai kula da yaƙi da yaɗuwar cututtuka, ta fitar da wani kundin jagora a 2014 da ake kira MAHC domin wuraren ninkaya na jama'a, kamar na otal-otal da makarantu, kuma a cikinsa ta hana shimfiɗa kafet da ciyawar roba a daɓen da ke kewaye da ruwa, inda ta nemi a bar hanya mai faɗin ƙafa 4, wato kimanin mita 1.2, a gefen kwamin. Kundin bai shafi gidan mutum ba, ba kuma dokar Najeriya ba ce, amma hujjar da aka gina shi a kai ba ta canzawa don an tsallaka teku: wurin da ke jiƙe kullum ya kamata ya zama wanda ake iya wankewa, a kashe masa ƙwayoyin cuta, ya bushe. Daga nan na ɗauko tazarar da na ba ka tun farko.

Game da abin da za ka sa a wannan tazarar, akwai ma'auni da za ka iya tambaya a kai, don kada ka dogara da bakin ɗan kasuwa kawai. Jamusawa sun ƙirƙiro wani gwaji da aka daɗe da saninsa da lamba DIN 51097, inda mutum ke tafiya ba takalmi a kan daɓen da ake gwadawa, ana kwarara masa ruwa mai ɗan sabulu, ana ƙara karkata daɓen a hankali har sai ya zame. Daɓen da ya riƙe mutum har zuwa karkatar digiri 12 yana samun harafin A, na digiri 18 yana samun B, na digiri 24 yana samun C. Gefen kwami yana buƙatar aƙalla B, matakalar shiga ruwa da gangaren bakinsa kuma C. A Ingila sun fi amfani da wata na'ura mai lilo da ke goga roba a kan jiƙaƙƙen daɓe, kuma sakamakon da ya kai 36 ko sama shi ake ɗauka a matsayin mai ƙarancin haɗarin zamewa. Tayil na kirki da aka yi don wurin ninkaya yakan zo da irin waɗannan alamomi a jikin kwalinsa ko a takardar kamfani. Idan mai ciyawa ya ce tasa ba ta santsi, ka roƙe shi takardar gwajin da aka yi mata a jiƙe da ƙafa ba takalmi. Ko ya kawo, ka tuna cewa sabuwa aka gwada. Kankaren da aka ja wa tsintsiya kafin ya bushe, ko intalok mai kaushi, ko dutsen da ba a goge ba, duk suna yin aikin a farashi mai sauƙi.

Sai batun faɗuwa, wanda a kansa ne maganar mai kafet ta fi rauni. Silin milimita 30 a kan kankare ba katifa ba ne. Yana iya rage ƙujewar gwiwa idan yaro ya durƙusa, amma idan ya zame da gudu ƙeyarsa ta bugi ƙasa, silin zai lotse nan take, kankaren da ke ƙasa ne zai karɓe shi. A filayen wasan yara da ake shimfiɗa ciyawar roba, abin da ke tare bugun shi ne wata shimfiɗa mai tsotse ƙarfi da ake sawa a ƙarƙashi, kuma ana auna kaurinta ne da tsayin inda yaro zai iya faɗowa. Za ka iya sa irin wannan shimfiɗar, amma lallai ta zama mai ramuka ko hanyoyin ruwa, domin soso na yau da kullum zai riƙe ruwa ne ya ƙara maka matsalar da muka gama bayani. Akwai kuma wata illa da na lura da ita a gidaje da dama: yara suna ganin kore sai su ɗauka filin ƙwallo ne, su riƙa gudu da kokawa a wurin da da tayil ne da sun taka a hankali. Ita ciyawar kuma idan fata ta gogu a kanta da gudu tana ƙuje ta ƙwarai. An ga misalin haka a ƙungiyar ƙwallon Amurka ta St. Louis Rams a kakar 2003, inda 'yan wasa 5 suka kamu da ƙwayar cutar MRSA mai bijire wa magunguna, kuma ciwon ya fito ne a wuraren da ciyawar filin ta ƙuje musu fata. Saboda haka ƙujewar da aka samu a bakin kwami a wanke ta da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe, kada a raina ta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali game da gidanka ma bai zo cikin tambayarka ba, shi ne zafi. Ciyawar gaske tana fitar da ruwa ta ganyenta, wannan ke sanyaya ta. Ta roba ba ta da wannan baiwar, tana shan rana ne kawai ta tara. A 2002 masu bincike a Jami'ar Brigham Young da ke jihar Utah sun auna filin ciyawar roba, suka sami zafin samansa ya kai digiri 93 a ma'aunin Salshiyas a ranar da zafin iska yake kimanin digiri 37. Sun kuma gwada yi masa ban ruwa: zafin ya sauko daga digiri 79 zuwa 29, amma cikin minti 5 ya koma 49, cikin minti 20 kuma ya haura 73. Gaskiya ne filin nasu yana da garin baƙar tayar mota da aka zuba a gindin silinsa, wanda ke ƙara zafi, kuma ciyawar gida da aka zuba wa yashi ba lallai ta kai haka ba. Amma ka kwatanta da Kano a watan Afrilu, lokacin da zafin iska kansa yakan kai digiri 40, kuma a lokacin ne yara suka fi son shiga ruwa. Fatar mutum tana fara lalacewa daga digiri 44 idan taɓawar ta daɗe, a digiri 60 kuwa ruwan zafi yana ƙona ta cikin daƙiƙu kaɗan. Roba ba ta kai ruwa ko ƙarfe saurin zuba zafi a jiki ba, saboda haka babba yana samun damar yin tsalle ya gudu. Yaro ɗan shekara biyu fatar ƙafarsa ba ta yi kauri ba, kuma idan ya ji zafi ba ya gudu, tsayawa yake yi a wurin yana kuka. Zafin yana da alaƙa da santsi ma, domin wanda ƙafarsa ke ƙuna da gudu yake nufar ruwa, ya isa jiƙaƙƙen bakin kwami da saurin da bai kamata ba. Maganin da na yarda da shi shi ne inuwa, rumfa ko bishiyar da ba ta yawan zubar da ganye, da kuma sabar wa yara sa silifas da rana. Kafin ka bar su su taka, ka ɗora bayan hannunka a kan ciyawar. Idan ba ka iya jure daƙiƙa biyar ba, su ma ba za su iya ba. Ka kuma lura da tagogin gidan, domin wasu gilasai na zamani suna mayar da hasken rana su tattara shi wuri guda, har ya narkar da silin ya dunƙule, wurin ya zama tabo mai tauri.

Abin da ake zubawa a gindin ciyawar don ta zauna silin kuma ya tsaya shi ma yana da hukuncinsa. Garin taya kada ya kusanci kwaminka: yana da zafi, yana manne wa jiƙaƙƙiyar ƙafa ya shiga ruwa, kuma Tarayyar Turai ta riga ta zartar a 2023 cewa za a daina sayar da irin wannan garin roba don filaye daga 2031. Wankakken yashi mai ɗan girman ƙwaya ya fi, amma shi ma ƙafa tana kwasarsa, kuma idan ciyawar ta kai bakin ruwa zai taru a ƙasan kwami, ya wahalar da famfo da matatar ruwa. Tazarar daɓen nan tana rage wannan sosai. Shi kuwa kulorin da ke cikin ruwan wanka, wanda yawansa bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin miliyan ba, ba ya yi wa foliyetilin wata illa ta a zo a gani. Abin da ke ɓata ciyawa shi ne garin kulorin mai ƙarfi idan ya zube a kanta, don haka a gargaɗi yaron da ke kula da kwamin kada ya riƙa kwaɓa magani a kan ciyawa. Idan akwai zaɓi, ciyawar da aka shafe bayanta da nau'in robar da ake kira foliyuretan ta fi wadda aka shafe da nau'in da ake kira lateks jure zama cikin danshi.

Rabin faɗuwar da nake gani a irin waɗannan wurare ma tuntuɓe ne, kuma mahaɗa da gefe ne ke jawo shi. Ciyawar roba tana buɗewa da zafi ta tsuke da sanyi, idan ba a ja ta da kyau an manne ba sai ta yi tudu-tudu, gefenta ya ɗago kamar leɓen tsohuwar tabarma. A inda ta haɗu da daɓe, ka sa a saukar da wurin da za ta zauna kaɗan yadda gindin ciyawar zai yi daidai da saman daɓen, a manne gefen gaba ɗaya da gam mai jure ruwa, ba ɗigo-ɗigo ba. Ƙusa kuwa ba ta da wuri a inda ake tafiya ba takalmi, domin tana tsatsa, tana kuma ɗagowa idan ƙasa ta motsa. A tsakanin daɓen da ciyawar ya kyautu a sa siririyar magudana mai murfi, ta tare ruwan fantsama kafin ya isa ciyawar. Idan kwamin yana da fitilun cikin ruwa ko matakalar ƙarfe, ka tabbatar mai lantarki ya gama haɗa wayoyin kariya na kewayen kwamin an gwada su kafin a rufe ƙasa da komai, domin bayan an manne ciyawa ba mai son ɓamɓare ta.

Kulawar da take buƙata ba ta da wuya, amma ba a yi mata fashi. A share ta da buroshi mai taurin gashin roba, ana saɓa wa kwanciyar silin don ya miƙe, a wanke ta da tiyo aƙalla sau ɗaya a mako, a ƙara yawan wankin a lokacin ƙura. Buroshin ƙarfe yana yayyaga silin. Duk wurin da ka ga yana daɗewa bai bushe ba bayan sauran sun bushe, to akwai kwari a ƙasansa ko ramukansa sun toshe, kuma daga nan santsi zai fara. Tun da kwamin na jikoki ne, ina ƙara tuna maka cewa shinge mai tsayin aƙalla mita 1.2 da ƙofa mai rufe kanta, wanda ya raba kwamin da sauran tsakar gida, ya fi kowace irin shimfiɗa muhimmanci. Idan kuɗin bai isa duka biyun ba, a fara da shingen.

Kafin ka biya mai kafet, ka karɓi yanki kamar rabin mita na ainihin ciyawar da zai kawo, ka ajiye shi a gefen kwamin na mako biyu. Ka taɓa shi da ƙarfe biyu na rana, ka shafa masa ɗan basilin ka zuba ruwa ka taka ta kowace fuska. Sannan ka sa a kwarara ruwa da tiyo a kan daɓen da za a shimfiɗa ta, ka tsaya ka ga inda ruwan ya nufa da inda ya kwanta, ka zagaye wuraren da alli, birkila ya gyara su tukuna.